Littafin Kiwon Awakin da Babu Akuya a Ciki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wasu littattafai biyu suka tona mini asiri a gaban surukaina, asirin ma da ba ni da shi. Shekara uku ke nan da yin abin, amma ko yanzu in na tuna sai in kama tsaki ni kaɗai kamar wanda aka taka wa ƙafa.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata kwaleji cikin yankin Tasawa. Kowace shekara akwai babin da nake jin tsoron isowarsa, wato babin balaga da haihuwa. Da na rubuta kan darasin a allo, sai ƴan mata su ja hijabi su rufe rabin fuska, samarin bayan aji su dinga zungurar juna, ni kuwa in kama zuba bayani da gudu kamar wanda hadari ya taso wa a gona. Cikin rabin awa na gama abin da ya kamata a yi sati biyu ana yi. Na san yaran nan suna da tambayoyi, na kuma san inda suke zuwa neman amsa: waya da junansu. Abin ya daɗe yana cina. Saboda haka da na shiga jami'a ina ƙarin karatu a fannin halayyar ɗan Adam (ina zuwa ƙarshen sati da lokacin hutu), sai na ce memuwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu, a kan wannan zan rubuta shi: me ya sa iyaye da malamai suke yin gum game da abin da kowane yaro sai ya bi ta cikinsa. Na ji kaina jarumi ranar da na miƙa wannan take.

Malamar da ke duba aikina, wadda kowa ke kira Madam, ba ta da doguwar magana. Ta buɗe kabad ɗinta ta ciro littattafai biyu na faransanci ta ajiye a gabana.

"Duka biyun a kan halayyar jima'i ta ɗan Adam suke magana, amma ba hanya ɗaya suka bi ba," in ji ta. "Ka karanta, ka zaɓi wanda za ka ɗora aikinka a kansa. Sati uku na ba ka. Wanda ka bari ka maido mini, akwai wata ɗaliba da ke jiran shi."

Na ce mata sati uku ma ya yi yawa.

Na farkon shuɗi ne, mai kauri, in ka ɗauke shi sai ka ji kamar tubali. Mutum uku suka rubuta shi, kuma komai a wurinsu daga jiki yake farawa: ƙwaƙwalwa, jijiyoyi, sinadaran da ke yawo cikin jini. Bayaninsa a fili yake, ni da na karanta kimiyya ina jin daɗinsa. Sai dai yana da zane-zane, masu launi, shafi guda-guda, waɗanda ba su bar wa mai karatu komai ya ƙiyasta da kansa ba. Na biyun siriri ne, wata mata ta rubuta, babu hoto ko ɗaya. Ita maganarta tarbiyya ce, da kunya, da tsoro, da abin da yaro ke ji a gida da abin da ake hana shi ji. Amma jimla ɗaya tata tana iya cin rabin shafi, kafin ka kai ƙarshe ka manta da wa ake magana. Ga kuma bangon: an rubuta kalmar nan da jajayen baƙaƙe manya-manya, wanda ke tsallaken titi ma zai karanta ba tare da ya tsaya ba.

Kuma duka biyun suna ba ni haushi. Mai kaurin duk bincikensa a kan ɗaliban ƙasashen sanyi aka yi, waɗanda baƙo zai zo da takarda ya tambaye su sirrin ɗakinsu su amsa suna murmushi. (Ka gwada wannan a kasuwar Urafane ka ga ko za ka koma gida da takardarka.) Siririn kuwa ya ware mana shafi biyu kacal, ya kira mu "al'ummomin gargajiya", ya haɗe mu duka tun daga bakin teku har cikin hamada kamar ƴan gida ɗaya.

Na raba takarda gida biyu, na jera alheri da aibin kowanne. Da safe in yanke shawara a kan mai kauri, kafin la'asar in koma wa siriri. Na yi wa Madam saƙo sau biyu ina goge shi kafin in aika. Matata Mariyama, wadda ta san duk abin da nake ciki tun farko, ta gaji da jin zancen.

"Mushe, ko gona za ka saya da yanzu ka gama shawara," ta ce. (Haka take kirana, kamar yadda kowa ke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, a wajenmu.) "Ɗauki mai nauyin. In bai yi maka amfani ba mu riƙa danne ƙofa da shi."

Sati uku suka zo ƙarewa ban zaɓa ba. Sai ga shi ƙarshen satin na ƙarshe ya faɗo daidai da bikin auren ƙanin Mariyama, a ƙauyensu arewa da Issawane. Ranar Litinin kuma dole in kira Madam. Mariyama ta ce in bar littattafan a gida, kwana biyu ba za su kashe ni ba. Na ce to, amma ban bari ba. Ranar Juma'a a ɗakin malamai na samu takardar buhun siminti, na yi wa kowanne bango mai kyau, na naɗe kusurwa tsaf. Daga nan ne wayona ya motsa. Na ce littafi marar suna shi ke jawo tambaya, gara in ba su sunan da ba wanda zai kula da shi. Dangin matata makiyaya ne, mene ne ya fi zama abin yau da kullum a wurinsu? Na ɗauki biro na rubuta da faransanci, da rubutuna mafi kyau: Kiwon awaki da tumaki, littafi na ɗaya. A kan siririn kuma, littafi na biyu. Har na ja layi a ƙarƙashi. Na zauna ina kallon aikina ina jin daɗin basirata.

Ranar Asabar da hantsi aka ɗaura aure. Maza suka baje kan tabarmi ƙarƙashin wani babban gawo, ana zagayawa da fura da nono ana jiran abinci. Na gaisa da wanda ya kamata in gaisa da shi, na sunkuyar da kai inda ya kamata, sannan na ja jiki can gefe na ciro littattafaina. Na buɗe siririn, na ajiye mai kaurin a kan tabarma kusa da ƙafata.

Ban yi shafi biyu ba sai na ga inuwa ta rufe ni. Baffa Altine ne, yayan mahaifin Mariyama, dogon dattijo mai rawani da sanda, wanda bai cika magana ba. Sau biyu na taɓa ganinsa, kuma duk gaisuwa ce ta haɗa mu. A raina na riga na yanke cewa bai taɓa taka ƙofar lakwal ba. Ya sunkuya, ya dubi bangon, ya karanta sunan da ƙarfi, da faransancin da ya fi nawa tsabta.

Ashe Baffa shekara talatin ya yi yana aiki a ma'aikatar kula da dabbobi, yana yawon allurar rigakafi daga ruga zuwa ruga, kafin ya yi ritaya ya koma cikin shanunsa. Kowa a dangin ya san wannan. Ni ne kawai ban taɓa tambaya ba.

"Mushe, Allah ne ya kawo ka," ya ce, yana zama kusa da ni. "Tun farkon rani awakin garin nan ke ɓari. Na yi iya sanina, amma sanina ya tsufa." Ya juya ya ɗaga murya kaɗan. "Ku matso, surukinmu ya zo da littafin awaki."

Aka matso. Ba wasa ba ne a wurinsu: wani awaki huɗu suka zubar masa, wani kuma akuyar da yake tatsa wa ƴaƴansa ce ta mutu. Mutum kusan goma suka kewaye mu, ciki har da liman da ya ɗaura auren, da surukina kansa, mahaifin Mariyama.

"Baffa, tsohon bugu ne," na ce. "Ba lalle ya yi amfani ba."

"Ni ma tsohon bugu ne."

"Kuma na ƙasashen waje ne. Awakinsu ba irin namu ba ne."

"Akuya dai akuya ce, Mushe. Miƙo."

Ban miƙa ba, shi ya ɗauka. Ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya goge da gefen rawani, ya ɗora a hanci, ba ya ko gaggawa. Ya ɗora mai kaurin a cinya. Littafi kuma in an saba buɗe shi a wuri ɗaya, can yake buɗewa da kansa. (Don nazari nake yawan buɗe wurin. Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana.) Ya buɗe daidai tsakiyar zane-zanen, shafin dama da na hagu, masu launi, har da kibiyoyi masu nuna sunan kowane abu.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ana jin ƙarar muciya daga cikin gida. Liman, wanda ya leƙo ta kafaɗar Baffa, ya ja baya a hankali ya shiga duba carbinsa kamar ranar ya fara ganinsa. Surukina ya kafa wa tabarma ido. Baffa kuwa bai rufe ba. Ya juya shafi ɗaya, ya duba. Ya ƙara juya wani. Sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Mushe," ya ce, "awakin nan naka, ƙafa biyu gare su."

Wani daga baya ya yi tari irin na mai haɗiye dariya.

To a nan, jimla ɗaya ce za ta fid da ni. In ce: karatu nake a jami'a, littattafan bincikena ne, na ji nauyinku shi ya sa na rufe su. Shi ke nan. Ni da nake tsayawa gaban yara sittin kowace safiya, wannan jimlar ta gagare ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Ba nawa ba ne. Wata madam ce ta ba ni."

Na ga girar surukina ta motsa. Na gane na ƙara ɓata, sai na yi sauri in gyara.

"Wato saboda wata matsala ce. Irin matsalar nan da ake jin kunyar faɗa. Na daɗe ina fama da ita, shi ne ta ce in karanta in ga wanda zai fi taimaka mini."

Ni matsalar bincike nake nufi, haka muke kiranta a jami'a. Abin da na manta shi ne, a lokacin shekararmu biyu da rabi da aure, ni da Mariyama, kuma Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna. Mun je likita an ce lafiyarmu lau, mu jira lokaci. Amma mutanen da ke ƙarƙashin gawon nan ba su san da wannan ba. Na ga fuskoki suna sauyawa ɗaya bayan ɗaya, dariyar da ake haɗiyewa ta koma tausayi. Surukina ya gyara murya, har yanzu bai ɗago ba, ya ce, "Allah ya ba da lafiya."

Gaba ɗaya aka amsa, "Amin." Liman har ya shafa.

Da a ce dariya aka yi mini da na fi samun sauƙi. Na zauna a tsakiyar surukaina ana yi mini addu'ar warkewa daga ciwon da ba ni da shi, ni ma na ɗaga hannu na shafa, don ban san abin da zan yi da hannuwan ba. Baffa ya rufe littafin, ya zare siririn daga hannuna, ya haɗa su ya saka a hammata ya tashi. Aka kawo tuwo. Ban san ɗanɗanonsa ba.

Kafin azahar labari ya tsallaka katanga. Gwaggon Mariyama ta aiko a kira ni bayan rumbu, ta miƙo mini wata kwalba cike da jiƙo baƙi wuluk, ta kau da kai ta ce rabin kofi safe da yamma, kuma in rage shan ruwan sanyi. Wani mutum da ban taɓa gani ba ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya raɗa mini cewa akwai mai magani a kasuwar El Allassane, shi ma can ya dace. Ina tsaye da kwalba a hannu sai ga Mariyama, da kwalliyar biki, fuska a murtuke.

"Wace madam ce?"

"Madam mana. Ta jami'a."

"To mi ya hana ka ce ta jami'a? Ka san tun ɗazu mata nawa suka jawo ni gefe suna ce mini in yi haƙuri, aure ibada ne? Inna tana ɗaki tana kuka. Bikin ƙanina ne, Mushe, amma ba wanda ke zancen amarya."

Na fara bayanin takardar siminti. Ta ɗaga hannu.

"Ba na ce ka bar su gida ba? Kuma duk dabbobin duniya ka rasa wadda za ka rubuta sai akuya, a gidan da Baffa yake? Je ka same shi. Yadda ka ɗaura haka za ka kwance."

Bayan la'asar na iske Baffa a bakin garkensa, zaune kan buzu, ya cire wa littattafan bangon siminti, yana karanta siririn da yatsa a kan layi. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe komai na faɗa masa, tun daga babin da nake gudu a aji har zuwa sati ukun da Madam ta ba ni. Ya bar ni na gama.

"Na gane tun ɗazu," ya ce. "Na ga rubutunka da fensir a gefen shafi. Marar lafiya ba ya rubuta lambar babi."

"To Baffa, da ka faɗa musu."

"Kai ka faɗa?"

Ya ɗaga mai kaurin ya auna a hannu.

"Wannan gaskiya ya faɗa, jiki haka yake. Amma duk abin da ke ciki ka riga ka sani, shi ya sa kake son shi. Ba za ka ƙara masa komai ba, shi ma ba zai ƙara maka ba." Ya ajiye, ya ɗauki siririn. "Wannan matar surutu gare ta, kuma shafi biyun da ta yi a kanmu ba ta san mu ba. Amma tambayarta ita ce tambayarka. Na ga inda ka ja layi har takarda ta kusa yagewa. Wanda ya fi ba ka haushi shi za ka ɗauka, don a kansa ne kake da abin cewa."

Sati uku ina zana layi ina raba takarda, dattijon da na ɗauka bai san baƙi ba ya gama mini aikin tsakanin azahar da la'asar, yana kallon shanu.

"Kuma in ka zo tambayar mutane mi ya sa suke ɓoye zancen nan," ya ƙara, "ka fara da kanka, ba sai ka yi tafiya mai nisa ba." Sai fuskarsa ta ɗan canza. "Abu ɗaya ne bai yi mini daɗi ba. Mutanen nan awakinsu na mutuwa, sun matso da gaske."

Wannan ta fi duk sauran shiga jikina. Ya sa na zauna nan take ya faɗa ina rubutawa, wasiƙa zuwa ga ma'aikatan dabbobi na Mayahi, da alamomin ciwon dalla-dalla, ya ce in kai da hannuna a hanyar komawa. Na kai. Game da sunana kuwa ya ce zai yi wa ƙaninsa da liman bayani. "Amma matan," in ji shi, "wannan ya fi ƙarfina."

Ranar Litinin na kira Madam na ce siririn na zaɓa. Ta tambayi dalili. Na maimaita mata maganar Baffa kalma da kalma, kamar daga kaina ta fito. Ta ce wannan ce magana mai ma'ana ta farko da ta ji daga bakina tun da muka fara aiki. Na ce na gode.

Baffa ya yi gaskiya game da matan. Bayan shekara guda Allah ya ba mu ɗiya mace, kuma ranar suna ba a yi wa kowa barka kamar yadda aka yi wa Gwaggo ba. Har yau tana ba da labarin yadda kwalba ɗaya ta jiƙonta ta gyara malamin lakwal, ana ta zuwa wurinta daga ƙauyukan kewaye. Kwalbar nan kuwa tun a hanyar Mayahi Mariyama ta tuttular da ita ta tagar mota. Na taɓa ƙoƙarin gyara zancen sau ɗaya, Gwaggo ta dafa kafaɗata ta ce ba komai, ai ya wuce, kar in ji kunya.

Abin da na koya bai da yawa. Gaskiyar da nake gudu jimla ɗaya ce, da na faɗe ta da kunyar minti biyar zan sha a wuce wurin. Yanzu ina faɗinta tun kafin a tambaya. In kuwa wata rana shaiɗan ya sake raya mini in yi ƙarya a gidan surukai, zan fara tambayar Mariyama aikin da kowane dattijo ya yi kafin ya naɗa rawani.